Tsarabar Turkiyya: wanne ne aikin hannu, wanne ne aikin inji?

Maman Hanifa:
Assalamu alaikum 'yan'uwa, barkanmu da warhaka. Shawara nake nema. In Allah ya kai mu wata mai kamawa zan raka maigida Istanbul ganin likita. Kwana shida za mu yi, biyu ne kawai na asibiti, kuma wannan ne zuwana na farko. Abin da ya tsaya mini a rai tsaraba. Akwai Hajiya mahaifiyarsa, akwai Babana, ga yayyena biyu da abokiyar zamana, ga maƙwabta da 'yan islamiyyarmu. Ba na son in kwaso abaya da takalma da jakunkuna, don duk wanda ya shiga Kwari zai samu irinsu. So nake in kawo abin da Turkawa suke yi da hannunsu, wanda da an gani za a san daga can ya fito. Me zan saya, a ina, kuma yaya zan gane na gaske? Kuɗin ba wasu masu yawa ba ne.

Ummu Sultan:
Wa alaikumus salam. Allah ya ba shi lafiya, ya kai ku lafiya ya dawo da ku lafiya.

Hajiya Mai Laleli:
Amin. Ƙanwata, shekara goma sha ina sarin kaya a garin nan, to ki ji ta farko: babbar kasuwarsu mai rufi, Kapalicharshi, ki shiga ki ba idonki abinci, amma kada ki buɗe jaka a manyan layukanta. Hayar shago a wurin tsada gare ta, kuma a kan baƙo ake fanshewa. Ki fita ta baya ki gangara Mahmutpasha har ki sauka Tahtakale kusa da Eminonu. Can masu shagunan sama da yawa suke saro ƙananan kayan nan, kofunan shayi ne, tire ne, cokula ne. Abin da aka ce miki ɗari a sama sai ki same shi arba'in a ƙasa. Kuma ku lura, ranar Lahadi kasuwar mai rufi a kulle take.

Ɗalibin Konya:
Hajiya ta faɗi gaskiya a kan farashi. Amma Anti, kada ki bar garin ba ki shiga Kapalicharshi ba. Sarki Muhammadu Fatih ne ya sa aka soma gina ta bayan ya ci birnin a 1453, ta soma ci a 1461, yanzu tana da layuka kusan 60 da shaguna wajen 4,000. Tarago mai bin titi, layin T1, zai sauke ku a Beyazit, bakin ƙofa.

Ni shekarata huɗu ina karatu a nan, kuma abin da ya fi taimakona wajen sayen tsaraba tambaya ɗaya ce: "Wannan aikin wane gari ne?" Istanbul kasuwa ce, yawancin kayan ba a cikinta ake yin su ba. Kamar dai a ce maka tukunyar Gwari ko tabarmar wani gari, haka suke. Tangaran mai zane na Iznik da Kutahya ne. Jan ƙarfe na Gaziyantep. Baƙin carbi na Oltu da ke Erzurum. Azurfa mai aikin siririyar waya ta Midyat da ke Mardin. Tawul ɗin saƙa na Buldan a Denizli, alharini na Bursa, man wardi na Isparta. Mai shagon da kayansa na gaske ne zai faɗa miki garin nan take, wani har ya ɗauko waya ya nuna miki bidiyon maƙerar. Wanda ya ce miki "na zamanin sarakunan Turkiyya ne, aikin hannu ne" ya tsaya nan, to ki yi hattara.

Ɗan Kwari:
Ni fa ina ganin ana son a wahalar da baiwar Allah. Tsaraba yawa ce. Ta lissafa mutum sama da ashirin. In ta ce sai aikin hannu, kuɗin da zai sallami mutum ashirin a kan mutum biyu zai ƙare. Maman Hanifa ki sayi dardumar salla ta inji dozin biyu, masu laushin nan, ki haɗa da carbi da kwalin alawa, kowa ya samu ya sa albarka. Wace tsohuwa ce za ta juya bayan darduma ta ƙirga ƙulli? Kuma ita ma ta injin ai a Turkiyya aka yi ta, Gaziyantep cike take da masana'antun kafet.

Ɗalibin Konya:
Alhaji, ban ce dardumar inji laifi ba ce, ni ma a kanta nake salla. Inda matsalar take shi ne a sayar maka da ta inji a kuɗin ta hannu. In ka san abin da ka saya kuma ka biya kuɗinsa daidai, shi ke nan.

Baban Yusra:
Wannan maganar ta taɓo mini inda yake ciwo. Bari in ba ku labari don kada wani ya faɗa. Shekaru uku da suka wuce mun fito daga Masallacin Sultan Ahmad, wani mutum mai fara'a ya tare mu da sallama, ya ce yana son 'yan Najeriya, ya ce ɗan'uwansa yana da shago a nan kusa, mu je mu sha shayi kawai. Muka je. Aka yi ta shimfiɗa mana kafet, ana juya shi a ƙarƙashin fitila yana canja launi. Aka nuna mini wata ƙaramar darduma aka ce alharini ce zalla, saƙar Hereke. Na yi niyyar mahaifina da ita, na biya kuɗi masu nauyi, har da takardar shaida aka ba ni mai hatimi. Bayan wata biyu ruwa ya zuba a gefenta, wurin ya taurare ya yi rawaya, gashin ya kwanta bai sake tashi ba. Wani da ya san kaya ya duba ya ce ba alharini ba ce, zaren roba ne na itace da ake kira biskos. Abin da ya fi ƙona mini rai ba kuɗin ba ne, na riga na faɗa wa Baba cewa alharini na kawo masa.

Ummu Sultan:
Innalillahi. Allah ya mayar da alheri.

Hajiya Mai Laleli:
Allah ya musanya, Alhaji. Wanda ya tare ka ɗan kamasho ne, kuma la'adarsa a cikin kuɗinka take. Duk wanda ya janyo ki daga titi, ko direba ko ɗan rakiya da ya ce "ga shagon abokina", to da kasonsa a ciki. Takardar shaida kuwa mai shago ne yake buga abarsa.

Ɗalibin Konya:
Tunda an zo kan kafet bari in ɗan tsawaita, don nan aka fi cutar mutane.

Hereke ƙaramin gari ne a bakin ruwa kan hanyar Izmit. A 1843 aka kafa masaƙar fada a wurin, a 1891 zamanin Sarki Abdulhamid na biyu aka soma saƙa kafet, kuma daga can aka shimfiɗe fadar Dolmabahche. Sunan ya yi tsada, shi ya sa ake liƙa shi a kan komai. Hereke ta alharini da aka saba gani tana da ƙulli goma a tsaye goma a kwance a kowace santimita, wato ƙulli 100. A murabba'in mita ɗaya ƙulli miliyan ɗaya ke nan, kowanne da yatsa aka ɗaura shi aka yanke. Ko a ce mai saƙar tana yin dubu biyar kullum, sai ta yi kwana 200. To ku auna da kanku, aikin kwana 200 zai zo a kuɗin waya ƙarama?

Yadda za ki duba, Anti: ki kifa shi. Na hannu zanen yana fitowa sarai ta baya, kuma layin ƙullin ba ya miƙewa sambal kamar an ja da rula. Ki duba gezar bakinsa. A na hannu gezar ita ce zaren tsaye da aka yi saƙar a kansa, daga ciki ta fito. A na inji sau da yawa ɗinka ta aka yi daga baya. Ki jiƙa farin hankici ki goga, in launi ya biyo to rinin ba ya da kyau. Alharini kuma ki ce a ciro miki zare ɗaya a ƙona: na gaske warin ƙonannen gashi yake yi, ya dunƙule ya murmushe a yatsa, auduga da biskos warin takarda suke yi. Mai gaskiya ba ya ƙin a ƙona zare ɗaya.

Amma shawarata, ki bar maganar alharini gaba ɗaya. Ki nemi kilim. Shi saƙa ce shimfiɗaɗɗiya marar gashi, ta ulu, kamar dai saƙar gwado mai kauri. Ya fi araha nesa ba kusa ba, yana naɗuwa ya shiga akwati, kuma akwai ƙarami daidai sallaya mai zanen mihrabi. Matan karkara ne suka gaji saƙarsa, kuma zanen yana da suna: akwai "hannu a ƙugu" mai nuna mace, akwai "ƙahon rago".

Jikan Marina:
Ɗan'uwa, rinin fa? Ni gidanmu marina ne a cikin birni, kakana a Ƙofar Mata ya yi aiki, shi ya sa da na ga hoton kilim ɗin nan idona kan shuɗin yake fara sauka. Da baba suke yi irin namu?

Ɗalibin Konya:
Yaya, shunin dai iri ɗaya ne da na baba, ja kuma daga saiwar wani tsiro suke samu da suke kira kokboya. Su ma rinin kanti ya kusa kashe musu na gargajiya. A 1981 aka kafa wani shiri mai suna DOBAG, Jami'ar Marmara tare da wani Bajamushe masanin haɗa sinadarai, Harald Bohmer. Ya binciki tsofaffin kafet ya gano tsirran da aka rina su, aka koma aka sake koya wa matan ƙauyukan Ayvajik da Yuntdag. Rinin tsiro yana da alama: launi ɗaya sai ka ga ya ɗan yi duhu a nan ya yi haske a can, saboda ba tukunya ɗaya aka tsoma zaren ba. Masu saye da ba su sani ba suna ɗauka aibi ne.

Jikan Marina:
Wallahi haka yake a wurinmu. Tsomi biyu ba sa taɓa fitowa daidai, ko a karofi ɗaya ne. Wannan labarin ya sosa mini zuciya. Mu ramukan suna nan, masu aikin ne suke ƙarewa.

Amaryar Zariya:
Anti ki sayo abin nan shuɗi mai kamar ido, na gilashi. Ƙawata ta kawo mini, yana da kyau sosai a jikin makulli, kuma ba tsada. Shi ne ma alamar Turkiyya, ko'ina a garin an rataye shi. Zai ishi 'yan islamiyya duka.

Malamin Islamiyya:
'Yar'uwa, ki yi haƙuri, wannan kam ban goyi baya ba, balle a raba wa ɗaliban islamiyya. Sunansa nazar bonjuk, kuma ba don ado aka ƙirƙire shi ba. Ana rataya shi ne a ƙofa da mota da rigar jariri da imanin yana kare kambun baka. Kambun baka gaskiya ne, hadisi ya tabbata a Bukhari da Muslim. Amma maganinsa Falaƙi da Nasi da azkar, ba gilashi ba. Imam Ahmad ya ruwaito cewa wanda ya rataya laya ya yi shirka.

Amaryar Zariya:
Malam ni fa ban taɓa ɗaukarsa a matsayin kariya ba. Wallahi ado kawai na gani. Ai aiki da niyya yake.

Ɗan Kwari:
Kuma Malam, ƙasar Musulmi ce, masallatai a kowane lungu. Da haramun ne ai da malamansu sun yi magana.

Ɗalibin Konya:
Sun yi, Alhaji. Hukumar addinin ƙasar, Diyanet, majalisarta ta fatawa ta fitar da bayani a watan Janairun 2021 cewa bai halatta a nemi kariya da shi ba. Maganar ta tayar da ƙura a nan, don mutane da yawa al'ada suka ɗauke shi. Ta fuskar sana'a kuwa, akwai ƙauye a yankin Izmir da har sunansa ya koma Nazarkoy, inda ake narka gilashi a murhun ƙasa da itacen wuta ana yin sa ɗaya bayan ɗaya. Sai dai akasarin na jikin makullin nan ba daga can suke ba, na masana'anta ne, wasu ma roba ce.

Malamin Islamiyya:
Na gode da wannan ƙarin. 'Yar'uwa Amarya, ban zarge ki da komai ba, na yarda da niyyarki. Abin da nake dubawa shi ne wanda za a ba. Ke kin san ado ne, amma in ya shiga gida goma, a ɗaya daga ciki za a samu wadda aka faɗa wa amfaninsa a can, ta ɗaura wa jaririnta. Kuma mai kawowa yana da hannu a ciki. Ga abubuwa masu kyau birjik, me zai sa a ɗauko mai shubuha?

Amaryar Zariya:
Na fahimta Malam. Allah ya sa mu dace.

Shugabar Zaure:
Madalla. An faɗi hujja an kuma saurara, a bar wannan a nan don Allah. Mu koma kan tambayar Maman Hanifa.

Maman Hanifa:
Na gode ƙwarai, ina ta rubutawa. Idon nan na bar shi. Kilim ƙarami ya kwanta mini a rai saboda Hajiya surukata. Saura Babana. Shi ba ruwansa da kayan ado, daga carbinsa sai littattafansa.

Baban Yusra:
To ai kin samu. Turkawa sun ɗauki carbi sana'a ta musamman, har masu tara shi ake da su kamar masu tara agogo. Bayan abin da ya same ni na koma na koyi dubawa, carbin Oltu na saya wa Baba, kuma har yau shi ne a hannunsa. Baƙin dutse ne marar nauyi da ake haƙowa a tsaunukan Oltu. Yana fitowa da laushi, sai ya sha iska ya taurare, kuma yadda ake jansa haka yake ƙara sheƙi. Wani ana yi masa ɗigo-ɗigon azurfa. A hannu ba ya sanyi irin na gilashi, in aka ɗan kankare shi garin ruwan ƙasa yake bayarwa. Akwai mai kama da shi da ake shigowa da shi ta Jojiya, su da kansu "dutsen Rasha" suke ce masa, ya fi araha, ki tambaya kai tsaye wanne ne. Wani abin sha'awa, dogon ƙwayar nan ta sama da muke ce wa liman, su ma imame suke kiranta, kuma a nan gwanin yake nuna hannunsa.

Malamin Islamiyya:
Ki dai ƙirga kafin ki biya. Yawancin nasu mai 33 ne. Dattawanmu sun fi sabawa da mai 99, masu wuridi kuma mai ɗari suke nema.

Maman Hanifa:
Allah ya saka Malam, da ban yi wannan tunanin ba. Baba mai ɗari yake ja.

Hajiya Mai Laleli:
Za a ƙara miki a shagon, masu carbi suna da zare da ƙwayoyi, ki dai faɗa musu tun farko. Yanzu maganar yayyenki da abokiyar zamanki. Ni mata abin da na ga sun fi murna da shi faranti da kwanonin tangaran masu zanen fure. Amma ki saya musu iri ɗaya girma ɗaya, kin san halin gida.

Ɗalibin Konya:
Kafin ki sayi tangaran ko ɗaya, Anti, ki hau Masallacin Rustam Pasha. Yana nan cikin Tahtakale ɗin da Hajiya ta ce, a saman shaguna, ta wata 'yar matattakala ake shiga, mutum zai iya wuce shi bai sani ba. Mimar Sinan, babban maginin sarakunan Turkiyya, shi ne ya gina shi wajen 1560, kuma bangonsa ciki da waje tayil ɗin Iznik ne na lokacin da sana'ar take ganiyarta. Ki tsaya ki kalli jan da ke jiki, ja ne mai tudu, in kin matsa kusa za ki ga ya ɗan taso. Wanda ya ga wannan ba za a ruɗe shi da na kasuwa ba. Masallacin Sultan Ahmad ma akwai tayil sama da 20,000 a cikinsa. Bayan ƙarni na 17 sana'ar ta mutu a Iznik, Kutahya ta ci gaba da riƙewa, sai a shekarun 1990 aka farfaɗo da ta Iznik. Bambancinsu, na Iznik na gaske yawancin jikinsa niƙaƙƙen farin dutse ne, ba yumɓu zalla ba, shi ya sa yake da nauyi da tsada. Abin da ya cika kasuwa na Kutahya ne, kuma ba laifi, shi ma da hannu ake zana mai kyaunsa. Ki ɗauki biyu masu zane ɗaya ki haɗa, in ba su bambanta ko da ɗigo ba to bugawa aka yi. Ki juya ƙasa ki ga sunan mai zanen. A 2016 UNESCO ta sa sana'ar cikin jerin al'adun duniya.

Ummu Sultan:
Tambaya: ana cin abinci a cikinsu? Nawa na zuba miyar taushe sau ɗaya sai na ga ƙasan ya yi layi-layi.

Ɗalibin Konya:
Ba duka ba. Masu launi mai ƙyalli da tudu-tudun nan yawanci na jere ne da rataye a bango, kuma wani fentin yana iya ƙunsar dalma. A tambayi mai shago ko na abinci ne, in an yi shakka a bar shi a ado ko a zuba dabino da alawa mai leda.

Ɗan Kwari:
To kun gani. Ga tsada, ga nauyi, ga fashewa, kuma ba a ci a ciki. Awo fa? Jaka biyu ce mai kilo 23 a tikiti, in ta wuce sai ta biya.

Hajiya Mai Laleli:
Nan kam Alhaji ya yi gaskiya. Tangaran a jakar hannu ake riƙo shi, a naɗe da kaya, kada ki ba 'yan kago. Ga marasa nauyi: peshtemal, siririn tawul ɗin da suke shiga gidan wanka da shi, na Buldan, goma ba su kai nauyin bargo ɗaya ba, kuma yana bushewa da wuri, ya dace da zafinmu. Sai ɗankwalinsu yazma mai aikin allura a baki da suke kira oya. Wannan aikin mata ne zalla, furanni ƙanana kamar a tsinka. Wata tsohuwa mai sayarwa ta ce mini da can da shi mace take magana: in amarya ta ɗaura mai zanen barkono, dangi sun san zaman gidan da yaji. Na ce mata mu ma haka muke sa wa atamfa suna. Ki duba da kyau dai, akwai na inji da ake ɗinkawa a baki.

Jan ƙarfe kuma, in za ki sayi 'yar tukunyar gahawa, jezve, ki ɗauki mai nauyi mai sawun guduma, cikinta fari da shafen kuza. In babu wannan shafen ba a dafa abu mai tsami a ciki, yana cutarwa. Kuma shafen yana cinyewa, a gida kuwa samun mai sake shi wuya ne, don haka kada ki sayi manyan tukwane. Saitin kofunan nan masu ruwan gwal da ake cewa na sarakuna, zubi ne na masana'anta, ki saye su a kuɗin zubi.

Maman Hanifa:
Kayan ci fa? Maigida ya ce lallai sai alawar nan tasu.

Hajiya Mai Laleli:
Lokum. Kada ki sayi wanda aka riga aka rufe a kwali mai hoton masallaci, sukari ne da sitaci, kwalin ma rabinsa iska. Ki je inda ake yankawa a auna, ki ɗanɗana tukuna. Akwai tsohon shagon Haji Bekir a Bahchekapi kusa da Eminonu, tun 1777 suke yi. Gahawa kuma ga Mehmet Efendi a gefen Kasuwar Masar, tun 1871, ƙamshin da layin mutane za su nuna miki wurin. Ita Kasuwar Masar ta kayan ƙamshi ce, tana buɗewa har Lahadi. Abu ɗaya: tulin ja-ja da ake rubuta wa "za'afaran ɗin Turkiyya" a sayar da arha ba za'afaran ba ne, furen wani tsiro ne daban, launi kawai yake bayarwa. Na gaske da giram ake sayar da shi a 'yar kwalba. Baklawa kuma ranar tafiya ake saye.

Ummu Sultan:
A ƙara da ruwan wardi na Isparta. Man kansa tsada, an ce sai an tara fure tan uku zuwa huɗu ake samun kilo ɗaya, don haka "man wardi zalla" mai arha gauraye ne. Amma ruwan da sabulun suna da sauƙi, kuma mata suna so.

Ɗalibin Konya:
Akwai wanda ba a ambata ba kuma shi na fi so, ebru. Zane ne a kan ruwa. Ana kaɗa wani irin ƙaro a ruwa ya yi kauri, a yayyafa launi da aka haɗa da ruwan maɗaciyar shanu don ya baje bai nutse ba, a ja shi da tsinke ya zama fure, sannan a ɗora takarda a ɗauke. Sau ɗaya ake ɗauka, babu guda biyu iri ɗaya a duniya. Ki je Madarasar Jafar Aga kusa da Aya Sofiya, ginin Sinan ne na 1559, yanzu ɗakunan ɗaliban sun zama wuraren koyar da sana'o'in hannu, za ki ga ana yi a gabanki. Takarda ce, ba ta da nauyi, in kin dawo a sa miki a firam. Baba kuma tunda mai littattafai ne, ku leƙa Sahaflar, kasuwar littattafai da ke manne da Masallacin Beyazit, akwai rubutun Larabci na hannu. Na hannu tawadar tana da kauri da sirantaka inda alƙalami ya juya, kuma marubucin yana sa sunansa a ƙasa.

Gargaɗi ɗaya mai muhimmanci ga kowa: kada a sayi tsohon abu. Tsohon kuɗi, tsohon rubutun hannu, tsohon kafet, gutsuren tayil, ko dutsen da aka tsinta a kufai. Dokarsu mai lamba 2863 ta 1983 ta hana fitar da kayan tarihi, ana kama mutane a filin jirgi kuma hukuncin ɗauri ne. In mai shago yana yabon abu da cewa ya shekara ɗari, wannan dalilin barinsa ne. Ki karɓi rasit a kan kilim ɗin, a rubuta sabo ne.

Maman Hanifa:
Subhanallah, ban san wannan ba. Tambaya ta ƙarshe, ana taya kaya kamar a gida? Ina jin nauyin in sha shayin mutum in fita ban saya ba.

Hajiya Mai Laleli:
Ki sha abinki, shayi al'adarsu ce, ba bashi ba ne. Ana ciniki sosai a kasuwa, pazarlik suke ce masa, amma ban da shagon alawa da gahawa da manyan kantuna masu farashi a rubuce. Ki zaga shago uku kafin ki taya. Ki tambayi da wane kuɗi ake magana, lira ko dala ko yuro, don an sha rikici a nan. Kuɗi a hannu ya fi kati samun ragi. Ki je da safe, suna girmama cinikin farko, siftah suke kiransa, ba sa son mai buɗe musu kasuwa ya fita hannu rabbana. Amma in kin taya aka sallama, to ki biya, kamar dai a gida. Kuma wadda kika samu zaune tana aikin oya da hannunta, kada ki matse ta, kuɗin idonta ne.

Ɗan Kwari:
Ni dai har yanzu ina kan bakana a kan maƙwabta da 'yan islamiyya.

Maman Hanifa:
Alhaji ai na ɗauki taka a nan. Su dardumar inji da lokum na awo zan yi musu, kuma zan faɗa musu ta inji ce. Hajiya kilim, Baba carbin Oltu mai ɗari, yayyena da abokiyar zamana kwano ɗai-ɗai na Kutahya da yazma, ni kuma ebru guda. Allah ya saka wa kowa da alheri. Ɗan'uwa na Konya, in kilim ɗin ya yi datti yaya Hajiya za ta wanke shi? Na san yaran gidan, injin wanki za su jefa shi.

Ɗalibin Konya:
Amin Anti. Kada ya shiga inji, kuma ban da ruwan zafi da bilic, ulu ne zai tsuke launin ya zuba. A riƙa kakkaɓe shi. In abu ya zuba a danna da tsumma a tsotse, kada a cuɗa. In wankin ya zama dole, ruwan sanyi da sabulu marar ƙarfi, a shimfiɗe a ƙasa, a shanya a inuwa a kwance. Lokacin damina kuma a riƙa fito da shi yana shan iska saboda asu.